Ina son taya Baffana noma, Umma kuma ta ce in ƙirgo mata buhuna

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 23, a cikin birnin Kano aka haife ni, nan na tashi, kuma ni ne babba a gidanmu. Na gama jami'a, ina jiran a kira mu bautar ƙasa. Mahaifina ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ƙanensa, Baffana, yana wani ƙauye a ƙasar Ikara ta jihar Kaduna, shi ke noma gonar da kakanmu ya bari. Kakan ya riga mahaifina rasuwa, kuma har yau ba a raba gonar ba.

Bara na je masa a watan Yuli da niyyar in taya shi aiki, amma na dawo ina jin kunyar kaina. An yanka mini kaza, an ware mini ɗaki, kullum sai a ce in huta. Ranar da na matsa aka ba ni fartanya, na sassare ƙananan dawa da yawa ina tsammanin ciyawa ce, 'ya'yan Baffa suka yi ta dariya suna ce mini ɗan birni. Na kuma ga ana zuba taki a gindin masara ba a rufewa, sai na ce wa Baffa a gaban yaran na karanta cewa binnewa ya kamata a yi. Bai ce komai ba, amma tun daga nan hirarmu ta ragu. Da zan dawo ya ba ni rabin buhun masara. Umma ta ce raini ne, tun da mu ma muna da gado a gonar.

Bana manyan 'ya'yansa biyu sun tafi neman kuɗi Abuja, saura yara. Ya kira ni a waya mun gaisa, ya ce ruwa ya sauka, sun yi shuka, hannu ne babu. Bai ce in zo ba, amma na gane. Umma ta yarda in tafi, sai dai ta ce in buɗe ido in ga buhu nawa ake samu in zo in faɗa mata. Ni kuwa taimakon nake so in yi tsakani da Allah, kuma ba na son in saɓa mata. In tafi? In zan tafi, yaya zan yi kada in sake zama nauyi a kansu?

Wani matashi daga Kano

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa.

Ka tafi. Dattijon da ya ɗaga waya ya kira ɗan wansa, ya ce masa sun yi shuka amma hannu ne babu, ya riga ya roƙa iyakar yadda girmansa zai bar shi. Ba zai buɗe baki ya ce zo ka yi mini noma ba, balle bayan abin da ya faru bara. Kada ka jira sai ya faɗa.

Sai dai kafin ka shiga mota akwai abin da za ka gyara a gida, domin saƙo biyu aka ɗora maka, kuma ba sa tafiya tare. Wanda ya je taya noma idonsa yana kan ciyawa, wanda ya je ƙirga idonsa yana kan rumbu, mutanen ƙauye kuwa ba sai an gaya musu wanne ne ya sauka ba. Sau ɗaya za ka ce, "Baffa, bara buhu nawa babbar gona ta ba da?", kafin magariba matan gida sun ji. Daga ranar duk gumin da ka zubar za a ce na leƙen asiri ne, kuma ba za su yi ƙarya ba.

Ba cewa nake Umma ba ta da gaskiya ba. Tun da kakanka ya riga mahaifinka rasuwa, mahaifinka ya gaji rabonsa a wannan gona, da ya rasu kuma rabon ya gangaro kan magadansa, har da tumunin takaba na Umma. Haƙƙi ne, daɗewa ba ta kashe shi. Matar da aka bari da marayu a birni, tana auno masara da kwano a kasuwa alhali ta san mijinta yana da ƙasa, dole ranta ya sosu, kuma ba na son ka ɗauki maganarta a matsayin mita. Amma yawan buhunan da za ka kawo mata a baki ba zai ƙara mata ko kwano ɗaya ba, ɓacin rai zai ƙara mata. Za ka ce mata kaza aka samu, ta kasafta a zuciyarta, ba ta san nawa ne na mai taki ba, nawa na 'yan ƙwadago, nawa aka ranto tun bazara da alkawarin biya da kaka, nawa zakka ta ɗauka, wadda a noman damina ɗaya cikin goma ce idan amfani ya kai nisabi. A ƙasa kuke da rabo. Iri da taki da gumi na Baffa ne da 'ya'yansa. Abin da ya hau kansa saboda shekarun da ya yi yana noma rabonku kuwa malamin da ya san rabon gado ne zai faɗa, ko alƙali idan abin ya kai can.

Ka kuma tuna mata watan da aka ba ka rabin buhun nan. A Yuli hatsin bara ya kusa ƙarewa, sabo bai fito ba, kasuwa ta hau, kuɗin hannu duk sun tafi wajen taki da noma. A lokacin ne manomi yake leƙa rumbu yana lissafin ko abin da ya rage zai kai su sabuwar masara. Mutumin da ya yanka maka kaza a irin wannan wata, ya ciyar da kai, sannan ya ɗebi rabin buhu daga abincin 'ya'yansa ya ɗora maka, bai raina ku ba. Da a Nuwamba ne ya yi haka, tsakar gida cike da amfani, da maganar Umma ta fi ƙarfi.

Ka zauna da ita lokacin da ƙannenka ba sa wurin, ka ce mata: "Umma, ni ma ina son a fitar mana da haƙƙin Abba, kuma ba zan bar maganar ta mutu ba. Amma in na je ina ƙirge za su gane, ƙofar da muke so a buɗe sai a rufe mana ita. Ki bar ni in je in yi musu aiki saboda Allah. Idan an kwashe amfani, mu sa manya su zauna." Sannan ka cika alkawarin, kada ya zama lallashi kawai. Lokacin wannan zama rani ne, gona ba komai a cikinta, kafin a fara shara da kai taki. A kira gwaggwanninka, domin su ma magadan kakanka ne kuma sau da yawa su ake mantawa da su. A kira liman, da mai unguwa ko dagaci da ya san iyaka. Ba dole sai an datsa gonar gunduwa-gunduwa ba, don sau da yawa hakan ba ya amfanar kowa. Ana iya fayyace rabon kowa, a bar ƙasar a hannun Baffa da aro ko haya ko wani kaso da aka yi yarjejeniya a kai duk shekara, a rubuta, shaidu su sa hannu. Rubutun nan shi ne zai kare ƙannenka da 'ya'yan Baffa daga shari'ar da za su gada in ku kun yi shiru.

To, mu koma ƙauye. Bara ka zauna a matsayin baƙo tun daga ranar da ka sauka har ranar da ka tafi, kuma ba laifinsu ba ne. Ɗan marigayi ne ya zo daga birni da karatunsa, wa zai miƙa masa fartanya? In ka yi zazzaɓi a hannunsu, da wane baki za su yi wa Umma bayani? Su ba za su iya cire maka rigar baƙunci ba, kai za ka cire ta. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya ce baƙunci kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Saboda haka ka ci kazar ranar farko da godiya, kada ka ƙi, don ƙin ta ma cin fuska ne. Amma tun a daren ka ɗauki tabarmarka da gidan sauronka ka ce kai ɗakin samari za ka kwana. Ka sa hannu a kwanon da suke ci, ɗumame ne, koko ne, tuwon dawa da miyar kuka ne. Ka bar shadda a Kano, ka tafi da tsofaffin kaya da malafa. Bayan sallar asuba kada ka tambaya ko ka zo, don amsar ɗaya ce kullum, ka huta. Su fito su tarar da kai a ƙofar gida da fartanya a kafaɗa.

Kada ka tafi hannu rabbana. Baki ɗaya da ya ƙaru a gidan manomi da damina nauyi ne, ko ba su faɗa ba. Shinkafa, mai, sukari, ganyen shayi, sabulu, gwargwadon ƙarfinku, ka miƙa wa Baffa shi ya shigar cikin gida. Kada ka tsallake shi ka damƙa wa matarsa kuɗi a ɓoye, komai kyawun niyyarka. Ina so kuma ka roƙi Umma ta sa wani abu da hannunta, ko da sabulu da turare ne na matan gidan, don idan ka ce Umma tana gaishe ku, ga saƙonta, maganar ta zama gaskiya. In Allah ya hore maka abin da ya fi haka, buhu ɗaya na taki mai kilo 50 ya fi duk wata tsaraba a wannan wata. Ka kira shi ka tambaya wane irin taki yake buƙata, kamfa (NPK) ko yuriya, kafin ka saya. Hanya kuma ka bi ta da rana, ka tambaye shi halin da ake ciki kafin ka taso.

Maganar lokaci ba ƙarama ba ce, kuma ita ce 'yan birni suka fi kuskurewa. Sukan je lokacin da suka sami sarari, gona kuwa tana da nata lokacin. Makonni shida na farko bayan shuka su ne masara take kokawa da ciyawa, in ciyawa ta rinjaye ta a lokacin, takin da za a zuba daga baya ba ya maido da abin da aka rasa. Noman firi, wato noman ciyawa na farko, yana zuwa mako biyu zuwa uku bayan shuka, maimai, wato na biyu, ya biyo baya, sannan huɗa. Duk ƙauyen kuma a mako ɗaya suke neman hannu, shi ya sa kuɗin ƙwadago ke tashi, mai ƙaramin ƙarfi ya rasa wanda zai yi masa. Tun da ya ce sun yi shuka, a makon nan yake buƙatarka. Idan an gama huɗa, marka ta kankama a Agusta, aiki yakan ɗan lafa, abinci kuma ya ƙara ƙaranci, sai ka dawo wajen Umma. Ka sake komawa daga ƙarshen Satumba, lokacin da masara da gyaɗa suke fitowa, waken suya da wake su biyo, dawa ta rufe baya wajen Nuwamba zuwa Disamba. Ka kuma faɗa masa tun farko cewa ana iya kiranku bautar ƙasa a kowane lokaci, kada ya sallami ɗan ƙwadago saboda kai sannan ka tafi ka bar shi a tsakiyar aiki.

Saran dawar da ka yi bara ba wauta ba ce. Dawa tana ƙarama ganyenta kusan ɗaya ne da na ciyawa, sai idon da ya saba. Amma ka san dariyar yaran akwai ciwo a ƙarƙashinta: kowane gindi da ka sare zangarniya ce ta tafi, kuma sai wani ya dawo ya yi dashe a gurbin. Bana ka roƙa a fara sa ka a masara ko gyaɗa ko waken suya, inda shuka ba ta ɓoyuwa. Ka bi bayan ɗaya daga cikin yaran, ko da ɗan shekara 12 ne, ka ce ya nuna maka yadda yake riƙe ƙota da yadda yake kwantar da bakin fartanya idan ya zo kusa da gindi. Ciyawar da ta manne da shuka da hannu ake cire ta. Ka ɗauki kunya ɗaya su su ɗauki bibbiyu, kada ka yi tsere da kowa. Kwanakin farko tafin hannunka zai yi bororo, ƙugu ya riƙe, cinyoyi su yi tsami har ruku'u ya yi maka wuya. Kada ka fasa bororon, ka naɗe shi da tsumma mai tsabta, a hankali zai zama kanta. Baffa ba zai ƙirga kunya nawa ka nome ba, zai duba ne ko ka fito washegari. Gara ka yi daga fitowar rana zuwa hantsi kullum da ka yi ta maza rana ɗaya har la'asar, ka kwanta, a bar gona a koma jinyarka.

Akwai kuma ayyukan da ba sa neman gwaninta amma suna cinye hannun da ya kamata yana noma. Kai abinci da fura gona. Ɗebo ruwan feshi, wanda jarka bayan jarka ne. Yankan ciyawar tumaki da shanu da yamma. Jan shanun huɗa a gaba idan an nuna maka yadda ake yi. Kai fartanya da garma maƙera, zuwa kasuwa ɗauko taki. Duk wanda ka karɓa a cikinsu, ka sako yaro ɗaya da ya iya noma ya koma kunya. Kada ka raina su don ba su da suna. A makonka na farko ta nan ne amfaninka zai fi yawa.

Maganar taki kuwa, abin da ka karanta gaskiya ne. Yuriyar da aka bari a fili, zafi da iska suna tafiya da wani ɓangare na ƙarfinta, ruwa mai ƙarfi ya wanke wani. Amma kana tsammanin Baffa bai sani ba? Ikara ba ta da nisa da Zariya, inda ake binciken noma a Samaru tun 1922, kuma malaman gona sun shafe shekaru suna faɗin wannan a rediyo da gonakin gwaji. Ka yi lissafi: hekta ɗaya ta masara da aka shuka da tazarar da suke so, santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin gindi da gindi, tana ɗauke da gindi fiye da 53,000. Kowanne sai an duƙa an tona ɗan rami a gefensa, an zuba, an rufe. Mutumin da ba shi da hannu kuma ba shi da kuɗin ƙwadago dole ya zaɓi ya zuba a gindi lokacin da ƙasa take da laima, ya bi da noma ko huɗa ta rufe. Shirun da ya yi maka na wanda aka gyara wa sana'arsa ne a gaban 'ya'yansa, daga bakin ɗan da bai taɓa nome kunya guda ba, a kan abin da ya sani amma ƙarfinsa bai kai ba. Da zarar kun keɓe ka ce masa, "Baffa, bara na yi azarɓaɓi, ka yafe mini." Kada ka tsawaita.

Idan lokacin zuba taki ya yi, ka roƙe shi kunya goma a gefen gona, ka binne da hannunka, ka yi shiru. Da kaka masara za ta nuna. In ta fi, shi zai riga ka gani, kuma shi zai faɗa wa maƙwabta. In ba ta fi ba, kai ka ƙaru. Sauran lokaci ka zama mai tambaya: me ya sa yake sa wake a tsakanin dawa, me yake yi wa kusurwar da ciyawar wuta-wuta ta kama, yaya yake gane ruwan shuka daga ruwan yaudara, yaushe tsutsar masarar nan da ta shigo Najeriya a 2016 take fi yin ɓarna a wajensu. Dattijo yana son a tambaye shi abin da ya sani, kuma da irin wannan tambaya hirar da ta ragu za ta dawo. Abu ɗaya ne kada ka tayar da kanka, wato ka ce bari ka riƙe masa littafin lissafi tun da kai ka yi boko. A wani gida taimako ne, a naku kuwa, da maganar gado a ƙasa, za a yi masa wata fassara. In shi ya miƙa maka, ka karɓa ka riƙe amana.

Feshi da maciji su ne nake so ka ji tsoronsu da gaske. Kada ka goya injin feshi a bana. Maganin ƙone ciyawa irin su paraquat ba shi da makari idan ya shiga ciki, yana kuma cin fata da ido. Iska kaɗan ta juya sai ya faɗa kan waken maƙwabci ko tumaturinsa, rigimar da za ta fi ƙarfin Baffa. Injin da aka yi feshin ciyawa da shi aka zuba na ƙwari ba a wanke sosai ba yana iya ƙone shukar da aka je ceto. Ka tsaya a ɗebo ruwa, kuma kada ka bari a zuba ruwan sha ko fura a robar da magani ya taɓa zama. In za ka sayo wa mai feshin gidan takunkumi da safar hannu, ka yi babban alheri. Maciji kuwa, kububuwa da kasa suna son ƙarƙashin dami da tarin kara da harawa, kuma lokacin shuka da na kaka ne saran ya fi yawa. Yawan manoman da abin ke shafa ne ya sa har asibiti guda ake da shi na wannan lalura a Kaltungo ta jihar Gombe. Ka sayi dogon takalmin roba tun daga Kano. Kada ka cusa hannu ƙarƙashin tari sai ka ɗaga shi da sanda, kada ka fita da dare ba fitila. In tsautsayi ya faɗa wa wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaurewa tamau. A hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Ka tambaya tun ranar da ka isa wane asibiti ne mafi kusa da ake samun allurar dafi, in kuwa sai an kai asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, ka san wanda yake da mota ko babur a unguwar.

Dariyar 'ya'yan Baffa kada ta dame ka. Ƙannenka ne, ka taya su, ka ce to malamai a koya wa ɗan birni. Yaron da ya koya wa mai digiri riƙe fartanya ba zai manta ba, kuma da daddare kai ma kana da abin da za ka biya shi da shi, karatu ko lissafin makaranta. Ka bi Baffa gaishe-gaishe wajen mai unguwa da liman da abokan mahaifinka na ƙuruciya, za ka ji labarinsa da ba ka taɓa ji ba. Idan aka kira gayya a gonar wani, ka je da sunan gidanku. Ko kaɗan ka taɓuka, za a ce gidan wane sun turo, kuma ranar da Baffa ya kira tasa za a rama masa. Wayarka ta zauna a aljihu lokacin aiki. Kada ka ɗauki hoton cikin gida ko rumbu ko matan gida ka ɗora a Facebook ko TikTok, kuma kada gonar da suke ci daga gare ta ta zama wurin da kake tsayawa da fartanya a ɗauke ka don abokai su gani.

Aikin kaka shi ya fi karɓar sabon hannu. Karyar masara da ɓare ta, tsinkar gyaɗa, roron wake da sassafe kafin rana ta sa kwanson ya fara fashewa, ɗaukar dami, lodi a amalanke, shanya da kwashewa idan hadari ya taso. A nan ɗan abin da ka karanta zai iya shiga ba tare da ka buɗe baki ba. Ka zo da tampol na shanya, don hatsi da gyaɗar da aka shanya a ƙasa ko aka ɗura ba su bushe ba suna yin fumfuna mai cutarwa. Ka zo da buhun PICS guda biyu ko uku, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska ba tare da an zuba magani ba. Ka miƙa a matsayin tsaraba, ya gwada in ya ga dama.

A lokacin ne kuma za ka ga buhunan da idonka, tun da a kafaɗarka za a shigar da su. Abin da ido ya gani a bakin aiki ba leƙen asiri ba ne. Kai dai kada ka tambaya, kada ka rubuta, kada ka keɓe kana ba da rahoto a waya. Idan ka dawo Umma ta tambaye ka, kada ka yi mata ƙarya kuma kada ka ɓoye mata, ka faɗi abin da ya shiga, ka haɗa da abin da ka ga ya fita: na mai taki, na masu shanu, na 'yan jinga, na zakka, da bakunan da ke jiran saura har wata kakar. Da haka ka bi maganarta, ba ka kuma ci amanar gidan da ka ci tuwonsa ba.

Ranar tahowa, duk abin da ya ɗora maka, kaɗan ne ko da yawa, ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya, kada ka auna shi da kwanakin da ka yi. Lada ka je nema da zumunta, ba jinga ka ɗauka ba. Maganar gado kada ka buɗe ta a wannan rana. Ka bari ka dawo, a kwana biyu, babbar gwaggonka ko wani dattijo da Baffa yake jin nauyinsa ya buɗe ta. In kuwa shi da kansa ya ɗauko ta, wanda ba zan yi mamaki ba idan ya ga ɗan wansa ya sha rana tare da 'ya'yansa, ka saurara har ya gama, ka ce: "Baffa, ku ne iyayenmu. Duk ranar da kuka sa da rani, zan zo da Umma da su Gwaggo." Ka riƙe ranar, ka sanar da kowa da wuri.

Allah ya ba ku damina mai albarka, ya kai ka lafiya.